Ɗan Hakin da Ka Raina: Tarihin Boris ɗin Wuyan Babur da Masu Gyaransa

Gabatarwa

Duk wanda ya je gida hutun sallah a 'yan shekarun nan, ya kuma tsaya bakin tasha ranar kasuwa, ya san cewa babur ya gaje aikin da jaki da keke suka yi wa iyayenmu. Shi ke fito da buhun masara daga gonar da mota ba ta isa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, shi ne kuma jarin samarinmu da dama. Da yawa daga cikinmu mazauna birane mun taɓa tara kuɗi muka saya wa ƙani ko ɗan yaya babur domin ya samu abin riƙe kansa. Wajen ciniki akan saurari ƙarar inji, a duba taya, a shafa fenti, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi lafiyar wuyan babur ɗin, alhali kuwa a nan ne linzaminsa yake.

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Wannan maƙala za ta bi sawun wani ɗan ƙaramin ƙarfe da makanikai ke kira boris ɗin wuya: inda aka ƙirƙiro shi, yadda ya iso ƙasar Hausa, da yadda ilimin canza shi ya yi ta sauya hannu daga masu gyaran keke zuwa yaran gareji na yau. Abin da tarihin zai nuna shi ne, duk lokacin da tattalin arziki ya juya, wannan ɓoyayyen ƙarfe yana cikin abubuwan da ake fara yi wa rowa, kuma masu hawa ne ke biyan kuɗin rowar da jikinsu.

Aikin da yake yi

A gaban gangar jikin kowane babur akwai wani gajeren bututu mai ɗan karkata baya. Ta cikinsa wata sandar ƙarfe ta ratsa, wadda ke haɗe da faranti biyu, na sama da na ƙasa, masu riƙe da ƙafafun gaba da kan babur. A bakin bututun ta sama da ta ƙasa akwai boris ɗai-ɗai. Kowannensu zobba biyu ne na ƙarfe mai tauri, da 'yan ƙwallaye a tsakaninsu cikin giris. Su ne ke ba kan babur damar juyawa hagu da dama ba tare da ƙarfe ya goga ƙarfe ba.

Abin hawa mai ƙafa biyu ba ya iya tsayawa da kansa. Abin da ke hana shi faɗuwa a lokacin tafiya shi ne 'yan ƙananan gyare-gyaren da kansa ke yi a kowane lokaci, waɗanda ko mahayin ba ya lura da su. Karkatar da aka yi wa bututun wuya ta sa tayar gaba tana taɓa ƙasa a ɗan bayan inda layin wuyan ya nufa, saboda haka tayar kan nemi miƙewa da kanta. Wannan dabara tana aiki ne kawai idan wuyan yana juyawa sumul. Da zarar ya fara cijewa ko ya yi sako-sako, sai babur ya riƙa yawo a kan hanya, ya ƙi bin kwana yadda ake so, ko kansa ya kama rawa idan an yi gudu.

Boris ɗin taya yana zagayawa dubban sau a tafiya guda, don haka nauyi yana rarrabuwa a ko'ina cikin zobensa. Na wuya kuwa kusan kullum a wuri ɗaya yake, domin yawancin tafiya miƙaƙƙiya ce. Duk ramin da aka faɗa, da duk birkin da aka taka, ƙwallayen suna dukan zoben ne a gurbi guda, musamman na ƙasa wanda ya fi ɗaukar nauyi. A hankali giris ya matse ya bar wurin, ƙwallayen su haƙa wa kansu 'yan ramuka. Injiniyoyi sun raɗa wa irin wannan lahani sunan Johan August Brinell, wani masanin ƙarafa ɗan ƙasar Suwidin, wanda a shekarar 1900 ya fito da hanyar auna taurin ƙarfe ta danna masa ƙwallo a ga girman shaidar da zai bari.

Asalinsa a Turai da Amurka

Tun zamanin da, ɗan Adam ya san cewa mirgina abu ya fi jan sa a ƙasa sauƙi, amma mayar da wannan sani ya zama kayan aiki na ƙarfe bai daɗe sosai ba. A shekarar 1794 wani mai sana'ar ƙarfe a yankin Wales na Birtaniya, Philip Vaughan, ya karɓi takardar mallakar fasahar sanya ƙwallaye a cikin gurbi domin ƙafar keken doki ta juya da sauƙi. Matsalar ita ce a lokacin babu mai iya ƙera ƙwallaye masu yawa da za su zo daidai da juna, kuma idan ɗaya ya fi sauran girma, shi kaɗai zai ɗauki nauyin har ya fashe.

Keken hawa ne ya farfaɗo da fasahar. A shekarar 1869 wani mai gyaran keke a birnin Faris, Jules Suriray, ya yi rajistar nasa boris ɗin, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara James Moore ya ci tseren keke daga Faris zuwa Rouen, tazarar kimanin kilomita 120, a kan keken da aka ɗaura wa irinsa. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan: mai gyaran keke ne, ba babban malamin jami'a ba, ya nuna wa duniya amfanin abin. A shekarar 1883 kuma Friedrich Fischer na garin Schweinfurt a Jamus ya ƙera injin da ke wasa ƙwallayen ƙarfe da yawa su fito kai ɗaya, wanda hakan ya sa boris ya yi araha har ya shiga kowane keke.

Shekarar 1885 ta zo da abubuwa biyu masu muhimmanci. A birnin Coventry na Ingila John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da sarƙa zuwa tayar baya, wato kakan keken da muka sani. A Jamus kuma Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora injin fetur a kan wani keken katako. Shekaru tara bayan haka, a 1894, kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munich ya fara ƙera babura domin sayarwa. Da yake babur ɗan keke ne, sai ya gaji wuyan keke yadda yake: kofi, da zobe, da ƙwallaye a sake.

Sauran gyaran ya zo ne daga Amurka. Henry Timken, mai ƙera kekunan doki a birnin St. Louis, ya lura cewa idan keke ya shiga kwana, nauyi yana danno boris ta gefe, ba ta sama kaɗai ba. A 1898 ya yi rajistar wani boris da ke amfani da 'yan gajerun sanduna masu kauri a baki ɗaya da siranta a ɗayan, a maimakon ƙwallaye. Ƙwallo yana taɓa zobe ne a ɗigo guda, sanda kuwa tana kwanciya a kansa da tsawonta, don haka ta fi jure duka. Irin wannan ne ake samu a wuyan manyan babura da yawa a yau, amma ƙananan baburan da suka cika garuruwanmu galibi suna nan da ƙwallayen da suka gada daga keke, saboda sun fi araha kuma sun fi sauƙin juyawa. A 1907 aka kafa kamfanin SKF a birnin Gothenburg na Suwidin bisa ƙirƙirar Sven Wingquist, kuma har yanzu sunansa na cikin waɗanda ake buga misali da su a wannan fanni.

Keke ya share hanya a ƙasar Hausa

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, kuma a bayansa kantunan Turawa suka biyo suna sayen gyaɗa da fatu da auduga, suna sayar da atamfa da kwanon rufi da kekuna. A hankali keke, musamman Raleigh na Ingila, ya zama abin alfahari. Manomin da gyaɗarsa ta yi kyau yakan sayi keke kafin komai, kuma an kai lokacin da aka kafa masana'antar harhaɗa Raleigh a Kano saboda yawan masu sayensa.

Tare da keke aka samu sabuwar sana'a. A kowace kasuwa sai ka tarar da mai gyaran keke a gindin bishiya, da kwanon ruwan neman huji, da famfo, da 'yan sifanu, da gwangwanin da yake tara 'ya'yan boris. Wasu daga cikinsu 'ya'yan maƙera ne da suka saba da ƙarfe tun suna yara. Waɗannan mutane su ne suka fara buɗe wuyan abin hawa a garuruwanmu. Su suka gano cewa idan aka kwance notin sama ba tare da an tara ƙyalle a ƙasa ba, ƙwallayen za su watse cikin rairayi. Su suka koyi liƙa ƙwallaye a kofi da giris ɗaya bayan ɗaya, da ɗaure noti har rawa ta ɓace ba tare da wuyan ya cije ba. Babu littafin da ya koya musu, hannu ne ya koya wa hannu.

Baburan farko da aka gani a Arewa na Ingila ne, irin su BSA da Triumph, kuma a hannun Turawan mulki da 'yan mishan da wasu manyan ma'aikatan En'e suke. Suna da nauyi da tsada, gyaransu kuma sai a garejin gwamnati ko na kamfani a manyan garuruwa. A ƙasar Nijar, inda Faransa ta yi mulki, ɗan ƙaramin Mobylette da aka fara ƙerawa a 1949 shi ya fi yaɗuwa, kuma da yake rabinsa keke ne, masu gyaran keke ba su sha wahalar karɓarsa ba.

Zamanin baburan Japan

Abin da ya sauya al'amura shi ne shigowar Japan. A 1958 kamfanin Honda ya fito da Super Cub, ƙaramin babur mai sauƙin hawa da ƙarancin shan mai, wanda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Yamaha da Suzuki suka biyo baya, kuma kafin tsakiyar shekarun 1970 masana'antar babura ta Ingila ta durƙushe. A 1975 Honda ta fito da CG125, wanda aka tsara musamman domin ƙasashe masu tasowa, bayan ma'aikatanta sun zagaya sun ga yadda ake lodin babur fiye da kima kuma ba a canza baƙin mai a kan kari.

Wannan ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur suka cika Nijeriya. A farkon 1975 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas bisa shawarar kwamitin Jerome Udoji. Malaman makaranta, da malaman gona, da malaman asibiti, da duba-gari suka ajiye kekuna suka hau babura, wasu da kuɗin Udoji, wasu da bashin babur da ake cirewa a albashi. 'Yan birni masu son kwalliya suka rungumi Vespa ta Italiya. A 1979 Honda ta kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun, wasu kamfanonin kuma suna harhaɗa Yamaha da Suzuki a Legas.

A wannan zamani ne masu gyaran keke da dama suka rikiɗe suka zama makanikan babur. Injin ne sabon abu a gare su, amma wuya da taya da sarƙa tsofaffin abokansu ne. Yanayin aikin ma ya taimaka musu. Mai babur ma'aikaci ne da ke hawansa shi kaɗai ko da goyo ɗaya, ya je ofis ya dawo, ya lulluɓe shi da dare. Naira tana da daraja, har ta fi dalar Amurka a farkon shekarun 1980, saboda haka kayan gyara na asali a cikin kwalinsu ba su fi ƙarfin mai albashi ba. Idan wuya ya lalace, a cire duka a sa sabo.

Zamanin tsuke bakin aljihu da acaɓa

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Kafin ƙarshen wannan shekara dala ɗaya ta haura naira 3, kuma daga nan darajar naira ta ci gaba da zubewa. Masana'antu suka rage ma'aikata, motocin haya suka yi ƙaranci, sabon babur ya gagari mai albashi. Sai aka koma ga na hannu da ake shigowa da su ta Kwatano, sa'annan ma'aikacin da albashi bai ishe shi ba ya fara ɗaukar fasinja da yamma. Haka sana'ar da ake kira acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, okada a Kudu ta kafu.

Babur ɗin da a da yake yin 'yan kilomitoci a rana ya koma aiki daga asuba har dare, da mutum biyu ko uku a baya. A karkara kuwa aka mayar da shi motar ɗaukar kaya, buhu a baya, buhu a kan tanki, wani lokaci har da jarkoki rataye a kai. Duk nauyin da aka ɗora a gaba, boris ɗin ƙasa ne ke karɓarsa. Hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 ta buɗe hanyoyin burji a ƙauyuka da yawa, amma da aka bar su ba gyara sai suka zama ramuka da kwazazzabai. Da rani ƙurar hunturu ta shiga wuyan ta gauraya da giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, da damina kuma a ratsa rafi ko a wanke babur a bakin kogi, ruwa ya kwanta a kofin ƙasa ya haifar da tsatsa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwa, musamman na Nnewi a jihar Anambara, suka cika ƙasa da baburan ƙasar Sin irin su Jincheng, waɗanda ake kawowa a kwance a harhaɗa a nan. Farashi ya faɗi, talaka ya mallaki sabon babur, 'yan siyasa kuma bayan 1999 suka mayar da rabon babura hanyar neman ƙuri'a. Daga baya na Indiya, wato Bajaj Boxer da TVS, suka karɓe kasuwa saboda juriyarsu. Wannan ci gaba ne babu shakka, amma ya zo da nasa cikas. Kayan gyara suka kasu kashi-kashi, mai kyau da matsakaici da jabu, sau da yawa a cikin kwali iri ɗaya. Boris na ƙwarai ana yin sa ne da ƙarfe mai kimanin kashi 1 cikin 100 na gawayi da kashi ɗaya da rabi na sinadarin kuromiyam, a gasa shi ya yi tauri, a wasa shi ya yi santsi. Na jabu yana da ƙyalli iri ɗaya a ido, amma ƙarfensa laushi gare shi, cikin 'yan watanni ya yi ramuka. Araha dai ba ta ado.

A nan ne wasu miyagun dabaru suka samu gindin zama. Ɗan acaɓa yana da kuɗin da zai kai wa mai babur kowace yamma, ba ya son ya wuni a gareji. Sai ya ce a ɗan ɗaure masa wuya kawai. Ɗaure noti yana kashe rawar na ɗan lokaci, amma yana ƙara danna ƙwallayen cikin ramukansu. Wani kuma a canza masa ƙwallaye a bar tsofaffin zobba, ko a cike gurbin waɗanda suka ɓace da wasu masu girma dabam. Makanikai da yawa sun san hakan kuskure ne, amma idan suka ƙi yi, mai babur zai tura shi rumfar gaba.

Yadda gwanaye ke canza shi

Duk da haka ilimin aikin bai ɓace ba, kuma yana da kyau mu da muke sayen babura mu san shi, ko don mu gane aikin kirki idan mun gani. Gwani yakan fara da gwaji. Zai kafe babur a kan babban jek, wani ya danne baya har tayar gaba ta tashi, sa'annan ya juya kan a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Idan ya ji ya ɗan maƙale a tsakiya kamar ya faɗa gurbi, zobba sun yi rami. Sai kuma ya kama ƙafafun gaba ta ƙasa ya ja gaba ya tura baya. Idan ya ji ƙwas-ƙwas, akwai rawa. Rawa kaɗai tana iya gyaruwa da ɗauri da sabon giris, amma rami ba shi da magani sai canji.

Wajen canjin, za a cire tayar gaba, da fitila, da kan babur, da ƙafafun gaba, a lura da inda kowace waya ta bi domin a mayar da ita nan. A kwance babban notin sama, a ɗage farantin sama, sa'annan a sassauta notin ɗauri ana tallafe da sandar ta ƙasa, da ƙyalle a shimfiɗe domin tarar ƙwallaye. Gwani yakan ƙirga na sama dabam, na ƙasa dabam, domin a wasu babura yawansu ko girmansu ba ɗaya ba ne. Tsofaffin kofunan da ke cikin bututu ana fitar da su ne da dogon ƙarfe da guduma, ana bugawa kaɗan-kaɗan ana zagayawa, domin idan aka dage a gefe ɗaya kofin zai karkace ya buɗa bakin bututun, kuma wannan ɓarna ce da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Zoben da ke gindin sanda shi ya fi taurin kai, ana ɗaga shi ne a hankali ba tare da an ji wa sandar rauni ba.

Bayan an wanke ko'ina an goge, sai a shigar da sababbin kofuna a miƙe. Gwanaye sukan ɗora tsohon kofi a kan sabo su buga, don kada guduma ta taɓa inda ƙwallaye za su bi, kuma suna gane ya zauna ne idan ƙarar bugun ta sauya. A mayar da robar tare ƙura a gindin sanda, a cika giris mai kyau, a jera ƙwallaye, a zura sanda. Daga nan sai wurin da ake bambanta gwani da ɗan koyo: a ɗaure notin da ɗan ƙarfi, a juya wuyan sau da yawa domin komai ya zauna, a sassauta, sa'annan a sake ɗaurewa daidai gwargwadon da rawa za ta ɓace. Idan an gama harhaɗawa, kan babur ya kamata ya gangara gefe da kansa in an ɗan taɓa shi. Mai aikin kirki yakan ce a dawo masa da babur bayan 'yan kwanaki ya sake dubawa, domin sabon boris yakan ɗan saki.

Babur ya koma gida

Shekarun baya-bayan nan sun sake juya tarihin. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, aka hana hawan babur a Maiduguri a 2011 saboda matsalar tsaro, sa'annan gwamnatin jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A birane keke mai ƙafa uku ya maye gurbinsa. Dubban babura da mahayansu suka koma ƙananan garuruwa da ƙauyuka, inda hanya ta fi muni, kayan gyara na ƙwarai suka fi wuyar samu, asibiti kuma ya fi nisa.

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Da yake kusan duk boris daga waje ake shigo da shi, abin da ya faru bayan 1986 ya sake maimaita kansa: mai babur yana lissafin mai da abinci, gyaran da ba ya hana inji tashi kuwa sai a ɗaga shi zuwa wani watan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairu 2009, kuma wannan abu ne mai kyau, sai dai hula tana rage rauni ne bayan an faɗi. Wuya mai lafiya yana cikin abubuwan da ke hana faɗuwar tun farko. Wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya san abin da faɗuwa a babur ke jawo wa magidanci da iyalinsa.

Kammalawa

Tarihin nan ya faro daga mai gyaran keke a Faris, ya ratso ta hannun masu gyaran keke a kasuwanninmu, ya iso ga yaran da ke zaune a garejin bakin tasha a yau. Cikin wannan tsawon lokaci fasalin boris ɗin bai sauya sosai ba. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne nauyin da ake ɗora masa, da ingancin ƙarfensa, da haƙurin da ake ba mai gyaransa.

Mu da ke birane muna da abin yi a cikin waɗannan duka. Wanda ya saya wa ɗan'uwansa babur, ya ware masa kuɗin gyara tun daga farko, ya kuma riƙa tambayar wuya da birki da taya kamar yadda yake tambayar ciniki. Wanda ya ba da babur haya, kada ya cire wa yaro kuɗin ranar da ya wuni a gareji, domin wannan cirewar ce ke sa a ce a ɗaure kawai. Waɗanda ke kusa da manyan dillalai a Kano da Kaduna da Legas suna iya haɗa masu sayar da kayan gyara na gida da inda ake samun na ƙwarai. Tsofaffin makanikanmu da suka koyi aiki a zamanin kayan asali suna raguwa, kuma ya dace a tallafa musu su yaye yara kafin ƙarfinsu ya ƙare, a kuma taimaka wa yaran su zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago domin su samu takardar shaida. Gyaran hanyoyin da suka haɗa gari da ƙauyuka, ko da na cike ramuka ne da aikin gayya bayan damina, yana tsawaita ran kowane babur da ke bin su.

Kuɗin boris ɗin wuya da ladan mai sa shi ba su kai kuɗin ɗaurin karaya guda ba, balle watannin da magidanci zai yi a kwance ba ya nema. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kuma sa albarka a sana'ar masu gyara.